Salihu da Suyar Tsaka-tsaki

Kwana uku kacal Salihu ya yi a Gembu, amma in ka ji shi yana ba da labari a majalisar bakin tashar Birnin Kudu, sai ka rantse a kan tsaunin Mambila aka yanke masa cibiya. Rakiya ya yi wa wani direban motar masara. Ya dawo da hular sanyi mai tuntu, da rabin buhun wasu ƙwayoyi kore-kore masu tsaga a tsakiya, da kuma baki, wanda da ma can ba ƙarami ba ne.

"Gahawa ke nan ta asali," in ji shi, yana watsa 'yan ƙwayoyin a tafin hannu don kowa ya gani. "Ba irin garin gwangwanin nan da Muhammad Auwal ke barbaɗa muku a shayi ba. Daga hannun manomi na sayo ta, babu dillali a tsakani. 'Yan ƙananan gonaki ne a gefen dutse, ɗaya-ɗaya ake tsinkar 'ya'yan, sai wanda ya nuna jajir. Ga sunan mai gonar nan a jikin buhu, har da lambar wayarsa. Ba a tauye haƙƙin kowa ba. In ka sha wannan, halal ka sha tsantsa."

Muhammad Auwal mai shayi, wanda teburinsa ke rakuɓe a gindin wata bishiyar darbejiya, ya ci gaba da shiƙa shayi bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To ai ko halal ce ba a tauna ta ɗanya. Ka iya suyarta?"

"Ni? Ni kake tambaya?" Salihu ya dafa ƙirji. "Da hannun nan nawa na gyara wa mutanen dutse suyarsu. Suya iri uku ce. Akwai mai sauƙi, akwai baƙa, akwai tsaka-tsaki. Tsaka-tsakin nan ita ce ta manya, kuma a faɗin Jigawa ni kaɗai na san sirrinta."

"Haka ka ce lokacin kiwon kifi."

"Kifi ruwa ne ya ci amanata."

"Da na zabbi fa?"

"Kai dai zuba shayinka, kwananka ya kusa ƙarewa."

Ba a banza suke wannan cacar baki ba. Alhaji Dabo na Kwandiko, surukin Salihu, yana da wata rumfa mai ƙofar ƙarfe a bakin tashar, wadda ta daɗe a kulle. Shekara biyu Muhammad Auwal yana roƙon a ba shi ita ya huta da dukan ruwan sama. Shi kuwa Salihu shekara shida da auren Talatu, 'yar Alhajin, bai taɓa riƙe sana'a ta wuce damina ɗaya ba. Gidan da suyar gyaɗar Talatu yake tsaye, kowa ya sani, har shi Salihun, sai dai ba ya son a faɗa. Da ya je Kwandiko ya cika kunnen Alhaji da zancen gahawa, sai tsohon ya yanke magana a taƙaice. Ya ce ranar Asabar za a yi walimar saukar karatun autarsa Muhsina. Salihu ya kawo gahawarsa a ba dattawa. In sun sha sun nemi ƙari, mabuɗin rumfa na mai gahawa ne. In ba su nema ba, na mai shayi ne, kuma kada a sake tayar masa da maganar.

Ranar Alhamis da hantsi Salihu ya fito da buhu tsakar gida, ya naɗe hannun riga, ya kafa hular sanyinsa duk da ana zufa. Talatu tana zaune tana tsince gyaɗa a faifai. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta juya ta, ta shinshina.

"Malam, ko in taya ka? Na ga kamar da kunne za a ji ta, irin na gyaɗa."

"Gyaɗa!" Salihu ya yi dariya har da buga cinya. "Talatu ke nan. Ana maganar ilimi kina maganar gyaɗa. Wannan abin sai wanda ya hau dutse."

"To ɗan sam mini in gani."

Ya cika gwangwanin madara biyu ya juye mata a gefen faifai, ya ce ta yi wasa da su. Ya ga ta tsaya tana duban rubutun jikin buhun tana motsa baki, ya ɗauka sha'awar kayansa ce ta kama ta, har ya ƙara juya mata buhun don ta gani da kyau.

Ya ari babban kaskonta, ya zuba rabin ƙwayoyin, ya hura wuta 'yar kaɗan, wai kada ya firgita su. Ya juya, ya juya, har suka koma ruwan ɗorawa suna ƙanshin harawa. Nan ya sauke, ya ce an gama. Ya jefa ɗaya a baki don ya nuna wa Talatu yadda gwanaye ke ɗanɗanawa. Aka ji ƙas. Ya tofar a hannu, sai ga ƙwayar nan lafiyarta ƙalau, ga kuma ɓallin haƙorinsa a gefenta.

"Ta soyu?" in ji Talatu.

"Gwaji ne wannan," ya faɗa yana dafe da muƙamuƙi. "Wuta take so."

Sai ya ba ta wuta. Ya tura itace huɗu, ya ƙara da kara, ya kawo buhun ɓawon gyaɗar da Talatu ke tarawa ya juye a murhu. Ya zuba ragowar ƙwayoyin duka a kasko. Ba a jima ba suka fara fashewa, tas, tas, tas. Babu wanda ya taɓa gaya wa Salihu gahawa tana ƙara a wuta. Ya yar da muciya ya yi tsalle ya ɓuya a bayan randa yana salati. Kafin ya yi ƙarfin halin leƙowa, ƙaiƙayin ƙwayoyin ya kama da wuta, wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya haura katanga.

Inna Kubra maƙwabciyarsu ba ta tsaya tambaya ba. Ta kurma ihu, "Gobara! Jama'a gobara a gidan Talatu!" Ta ɗauki ruwan da ta wanke tukwane da shi ta watso ta saman katanga. Bai sauka ko'ina ba sai a kan hular sanyi. 'Yan acaɓan bakin layi suka banko ƙofa da bokitai, wani har da ganyen darbejiya na dukan wuta, aka yi ta sheƙa ruwa. Salihu yana rungume da kasko yana ihu, "Ku tsaya! Suya ce! Ilimi ne!"

Da hayaƙi ya lafa, Inna Kubra ta shigo ta leƙa kaskon. Ta ce, "Ɗan nan, in gawayi kake so ka faɗa mini, ina da buhu guda."

"Inna, wannan ita ake kira baƙar suya. Turawa har layi suke yi mata."

"To Allah ya ba su haƙuri."

Da mutane suka watse, Salihu ya shanya kayansa a tabarma, ya tsuguna ya zuba musu ido. Ga tsibi ɗaya fari fat mai karya haƙori, ga ɗaya baƙi ƙirin mai warin ƙonanniyar taya. Buhu kuwa babu ko ƙwaya. Da wani ne, a nan zai ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ban da Salihu. Can sai fuskarsa ta washe, ya miƙe yana tafa hannu.

"Talatu! Zo ki ga basira. Wannan bai ji wuta ba, ko?"

"Bai ji ba."

"Wannan kuma ya ji ta wuce kima."

"Har ta yi masa yawa."

"To in aka haɗa wanda bai kai ba da wanda ya wuce, me aka samu?" Bai jira amsarta ba. "Tsaka-tsaki!"

Talatu ta dube shi. Ta ce, "Malam, in na haɗa ɗanyar gyaɗa da ƙonanniya, soyayya za ta zama?"

"Kin ga matsalarki ke nan. Komai gyaɗa."

Ya cakuɗe tsibin biyu ya nufi injin niƙa na Saifullahi. Ya tarar da layin mata da ƙorai, ya ratsa su yana cewa aikin gaggawa ne na manya. Saifullahi ya ce ya dakata, yanzu ya gama niƙa barkonon yajin wata mai jego, bai kakkaɓe injin ba.

"Zuba kawai," in ji Salihu. "Abin da ya girma a kan dutse ba ya tsoron barkono."

Baƙaƙen suka wuce sumul. Da fararen suka isa haƙoran inji, sai ya fara wani gurnani yana rawa a kan turakunsa, bel ya tsinke ya yi sama ya sauka a ƙwaryar wata mata. Saifullahi ya ɗora hannu a ka.

"Tsakuwa ka kawo mini?"

"Injinka ne bai waye ba."

Sai da aka ɗaure bel da waya, aka maimaita niƙan sau uku, sannan aka samu wani abu mai kama da gari, rabi toka rabi tsaki. Washegari Juma'a mata bakwai suka yi sallama a ƙofar gidan, kowace da malmalar tuwo a kwano, suna so a faɗa musu dalilin da tuwon dawarsu ya kwana da ɗaci. Talatu ce ta fita ba da haƙuri. Salihu yana ɗaki yana cewa ta gaya musu kyauta suka ɗanɗani abin da manya ke saye da tsada. A ranar ya ji ta tana waya a bayan ɗaki tana dariya ƙasa-ƙasa, ya kuma ji ƙarar ƙaramin kaskonta, amma bai kula ba, yana can yana haddace jawabin da zai yi.

Asabar da sassafe suka hau mota zuwa Gwaram, daga nan acaɓa biyu suka kai su Kwandiko. Talatu ta shige cikin gida wurin mata da ƙullinta. Salihu ya sa aka girka masa tukunyar da ake dama kunun suna a ƙofar gida, inda kowa zai gan shi. Ya juye garin duka a ruwa, ya bar shi yana tafasa tun hantsi yana tuƙawa da muciya, don a ganinsa abin da ya daɗe a wuta shi ne ya nuna. Da aka kawo masa 'yan finjalai ya ce a mayar, wannan kayan marowata ne. Ya sa aka kawo manyan kofunan roba na kunu.

Muhsina ta karanta allonta, malaminta ya yi addu'a, aka shafa. Dattawa suka gyara zama a tabarmi a ƙarƙashin rumfar kara, Alhaji Dabo a tsakiya, Liman a damansa. Muhammad Auwal ma ya zo, ya samu gefe ya zauna ya harɗe ƙafa kamar mai jiran a fara dambe.

Salihu ya yi jawabi. Ya faɗi tsawon dutsen, ya faɗi yadda gajimare ke wucewa ta ƙarƙashin hammatarsa, ya faɗi yadda manoma suka yi layi suna roƙon ya zauna ya zama shugabansu. Sannan ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya da kofuna cike fal.

Liman ne ya fara, da bisimilla. Ya kurɓa. Kumatunsa suka tsaya a kumbure. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga babu inda mutum mai daraja zai tofar a gaban mai gida. Ya runtse ido ya haɗiye, gemunsa yana rawa. Ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi ala kulli halin."

"Kun ji ko?" in ji Salihu. "Liman ya yaba."

Sai atishawa ta kama Liman, ta kama na kusa da shi, ta bi sahu har ƙarshen tabarma. Barkonon mai jego ya iso. Wani tsoho mai haƙori biyu ya ɗaga kofinsa yana hawaye ya ce, "Yaro, ba ka faɗa mana ba, maganin shawara ne ko na basir?"

"Baba, abin sha ne na jin daɗi."

"Daɗi? Na sha saiwar maɗaci shekara saba'in, ban taɓa jin ta cije ni ba sai yau."

Wani yana tsince tsaki daga haƙora, wani ya faki ido ya tuttular da nasa a bayan tabarma. Wata akuya ta zo ta shinshina wurin, ta yi tari ta juya.

"Malam Salihu," in ji Muhammad Auwal da murya mai sanyi, "mai abu ai shi ke fara ci. Ba mu ga ka sha ba."

Ido ya raina fata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Salihu ya ɗebi kofi guda ya kafa kai. Rabi ya shiga, rabi ya dawo ta hanci. Ya durƙusa yana tari, hular sanyi ta faɗa cikin tukunya. Da ya samu numfashi, ya ga idon Alhaji Dabo a kansa, ya ga rumfa tana sulluɓe masa, sai ya yi abin da ya fi ƙona gahawar muni.

"Alhaji, ba laifina ba ne. Mutanen dutsen nan ne suka cuce ni. Ruɓaɓɓiya suka zuba mini."

Alhaji Dabo ya ajiye kofinsa, wanda ko rabi bai sha ba. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce mutanen kirki ne, ka ce lambarsu tana jikin buhu. Ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Kawo buhun."

Aka kawo buhun da aka ƙunso garin a ciki. Alhaji ya sa aka danna lambar, aka buɗe muryar wayar kowa yana ji. Wani dattijo ya amsa sallama da Hausa mai karin Fulatanci, ya ce shi ne Usaini mai gonar. Alhaji ya gabatar da kansa, ya tambaye shi ko ya san wani Salihu na Birnin Kudu.

"Salihu? Af, mai bargo! Wanda motarsu ta lalace a tasha? Allah sarki, kwana uku yana naɗe a bargo yana rawar sanyi. Na ce ya zo in kai shi gona ya gani, ya ce ƙafarsa ba ta hawan tudu. A tasha na kawo masa kayan, kuma zaɓaɓɓu na ba shi, matata Huseina ce ta tsince su da hannunta. Na ce ya tsaya in nuna masa suya, ya ce shi a gidansu aka ƙirƙiro ta."

Dariya ta ɓarke har cikin zaure. Tsoho mai haƙori biyu ya kwanta a kafaɗar na kusa da shi.

"Amma ai ba damuwa," muryar ta ci gaba. "Maiɗakinsa ta kira Huseina jiya, sun daɗe suna magana. Huseina ta ce ba ta taɓa ganin mai saurin ganewa irinta ba. Ta gaya mata wuta madaidaiciya, hannu kada ya tsaya, in ta ji ƙarar farko ta lafa ta sauke kafin ta biyu. Ita kuma ta ce ai haka take yi wa gyaɗa. Yaya, ta yi daɗi?"

Kafin Alhaji ya amsa, wani ƙanshi ya riga shi. Daga cikin gida ya fito, ya ratsa zaure, ya danne warin tukunyar Salihu. Muhsina ce ta fito da tire, da 'yar buta, da finjalan nan da aka ce na marowata ne. Ta durƙusa ta ce Yaya Talatu ta ce a wanke baki da wannan, gwangwani biyu ne kawai, a yi haƙuri da kaɗan.

Liman ya karɓa da tsoro, ya shinshina, ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Sannan ya miƙa finjalin ya ce, "'Yata, akwai saura?"

Buta ta zagaya sau ɗaya ta ƙare, dattawa suna leƙa cikinta. Muhammad Auwal ya samu 'yar kurɓa ta ƙarshe, ya juya ta a baki, ya girgiza kai. Ya ce, "Alhaji, ni dai in wannan ce, na sallama."

Alhaji Dabo ya yi wa mai gona godiya, ya ce a ajiye musu wani buhun, kuma a yafe musu maganar da aka faɗa a nan, ko da bai ji ta ba. Ya laluba aljihu ya fito da mabuɗi. Salihu, don ƙarfin hali, har ya fara miƙa hannu.

"Ai Alhaji iyalina ce. A gidana ta koya."

"Na ce in dattawa sun nemi ƙari, mabuɗi na mai gahawa ne," in ji Alhaji. "Sun nema." Ya ɗora mabuɗin a kan tire. "Muhsina, kai wa yayarki."

Haka aka yi. Talatu ta ce ita tana gida tana suya, Muhammad Auwal ya shiga rumfa ya dafa ya sayar, ya huta da ruwan sama. Da aka tambaye ta Salihu fa, ta ce ai ba za a bar Malam babu aiki ba.

Da sabon buhu ya iso daga dutse, Inna Kubra ta leƙo ta saman katanga da kwanon ruwa a hannu, don ko ta kwana. Ta ga Talatu a gaban kasko tana juyawa, ta ga Salihu tsugune a bakin murhu da mafici, babu hular sanyi.

"Kin gane ko, Talatu," ya fara, "mu a can Mambila, in za mu yi irin wannan suyar..."

"Malam," ta ce, ba ta ko dube shi ba, "yanzu kunne ake so, ba baki ba."

Salihu ya rufe bakinsa. A cikin shirun nan, wanda unguwar ba ta taɓa jin irinsa ba tun da ya tare a cikinta, ƙwayar farko ta ce tas.